Sai da Sani Ya Maimaita

Jama'a, yau saura ƙiris a yi mana sallar gawa!

Kun san ni ce shugabar masu rigakafi. Daga Kaoje za mu tsallaka gulbi zuwa wani ƙauye wajen iyakar Benin. Na ga kwalekwalen danƙare da buhunan shinkafa, na ce a rage. Mai jirgin ko kallona bai yi ba. Ya juya wajen Sani, ma'aikacin da ke ƙarƙashina: "Malam, mi kac ce?" Sani ya yi dariya, ya ce mu tafi. Dole na shiga, kar allura ta lalace a rana.

Muna tsakiya ruwa ya fara shigowa! Innalillahi! Na kwarma ihu, "Ku zubar da buhunan nan!" Wallahi ba wanda ya motsa. Ruwa har ƙauri, maza sun zuba wa Sani ido. Sai da ya maimaita maganata sannan aka fara jefarwa.

Da muka kai gaɓa, mai jirgin ya kama hannun Sani: "Malam, kai kac cece mu."

Gobe ma akwai tsallakawa. Sani kuwa ya rantse ba zai ƙara shiga jirgi ba.