Turmin Inna

Da mahaifina ya rasu a ƙauyenmu Ƙofa, mijina ya gina wa Inna ɗaki a gidanmu na Kankia, tunda ba ta da ɗa namiji da ya rayu, ni ce kuma auta. Jaki ɗaya ya ɗauko kayanta duka. Gefe guda ƙullin tufafi da kaskon suyar gyaɗa, ɗaya gefen turminta. Turmin ƙirya ne, baƙi wuluk, yana sheƙi. Ba a taɓa daka hatsi a cikinsa ba, aikinsa fitar da man gyaɗa kawai, kuma a hannun uwarta ta gaje shi. Ta sha gaya mini cewa sabon turmi ɓarawo ne, rabin man da ka sha wahala a kai shi zai shanye, amma nata ya ƙoshi tun kafin a haife ni.

Sai dai ta zo da shi garin da ba a bukatarsa. Zamanin Turawa ne, bayan sojoji sun dawo daga yaƙi, wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, ya kafa injin matsar man gyaɗa a bakin hanyar mota. Da hantsi za ka ji jiniyarsa, daga nan har la'asar ƙasa tana motsi da bugunsa. Abin da mace za ta kwana biyu tana yi, suya da murza da niƙa da juyi, inji kafin ka gama alwala ya zubo shi a gwangwani. Mijina yana cikin masu juye masa buhu. Ya ba ƙanensa aron gonarsa ta Yashe, ya ce shi da fartanya sai a lahira. Matan unguwarmu suka daina suya, sai su sayo tunkuza a ƙofar injin, wato abin da ya rage bayan an matse mai, su mulmula ƙuli-ƙuli. Masu jakai suka samu aiki, masu waina da fura suka yi layi a gindin katanga. Ni ma ina cikin masu ɗaga hanci. In Inna ta ce in zo ta nuna mini yadda ake juya mai, sai in ce, "Inna, in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take." Bakina ya fi hannuna sauri tun ina yarinya, ban kuma ce na daina ba.

Muka kife turmin a ƙarƙashin rumbu. Idonta ya fara yin hazo, har ya kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. Amma duk bayan kwana biyu sai ta tambaya, "Auta, turmin nan yana kife? Kada gara ta samai." In ce yana nan.

Wata damina aka yi marka kwana uku ba ɗagawa. Itacen gidan duk ya jiƙe, karan da na ɓoye a zaure ya ƙare, ina goyo, yara suna kukan yunwa, maigida kuma zai dawo daga inji ya nemi tuwo. Na hura murhu har idona ya yi jajir, hayaƙi kawai. Na leƙa ƙarƙashin rumbu neman ko guntun kara, sai ga turmi a bushe ƙayau. Ba zan yi wa kaina ado ba, ban daɗe ina tunani ba. Na ce abin da ya shekara biyar ba a taɓa shi ba, ai itace ne. Akwai tsohuwar tsaga a bakinsa, nan na sa gatari.

Ban taɓa ganin wuta irin wannan ba. Itacen da ya sha mai tun zamanin kakata ya kama kamar yana jira, ba hayaƙi, ba tartsatsi. Kwana huɗu ina girki da shi. Na kai wa Inna tuwonta da zafinsa, ta ci, ta yi hamdala. Bayan kwana biyu ta tambayi turmi kamar yadda ta saba, na ce yana nan. Daga ranar na shiga ƙarya, na kuma zauna a cikinta shekara uku.

Rannan da kaka, an gama cirar gyaɗa, hantsi ya yi ba mu ji jiniya ba. Na ɗauka kunnena ne. Can sai ga maigida ya dawo, hularsa a hannu, ya ce sun ishe an garƙame ƙofar injin da kwaɗo, mai gadi ya ce shi ma haka ya gani. Wasu suka ce wani ƙarfe ne ya karye, sai an kawo shi daga bakin teku. Wasu suka ce Turawa sun fi son gyaɗar a buhu, a tara ta dala a Kano jirgi ya kwashe, ba sa son a matse ta a nan. Babu wanda ya tara mu ya faɗa mana gaskiyar magana, har yau kuma ban sani ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mutum ya shigo garinku ya sauya muku hanyar cin abinci, ranar da zai tafi ko sallama babu.

Mako na farko maza suna zuwa su zauna a gindin katangar, wai ko za a buɗe. Daga baya masu waina suka kwashe tandarsu. Masu jakai suka koma ɗaukar itace. Ƙanen mijina ya riga ya yi wa gonar Yashe taki ya shuka ta shekara da shekaru, karɓarta sai da dattawa suka shiga, kuma tsakaninsu bai sake komawa daidai ba. A kasuwa ga gyaɗa tuli, amma mai ya yi wuya, miya ta koma lami, fitilar aci-bal-bal ma sai a gidan da ake jego. Tunkuza ta ɗauke, matan ƙuli-ƙuli suka zauna. Wasu sun gwada fitar da man da kansu, suka zuba ruwa ya yi yawa, abin ya zama kunu. 'Yan matan da suka tasa a shekarun injin ko ganin ana yi ba su taɓa yi ba. Ganin hadari ya sa mun yi wanka da kashi, dukanmu.

Sai aka tuna da Inna. Mata suka fara shigowa gaisuwa, waɗanda da can ko leƙa ɗakinta ba sa yi. Ita kuwa ta miƙe kamar an rage mata shekara goma. Ta ce da ni, "Auta, gobe ki hiddo turmin nan ki wanke shi da ruwan ɗumi. Hannuna ya mutu, amma kunnena na nan. Ke za ki juya, ni in saurara."

Gidan ba abin da ke shigowa, turmin nan shi ne abincinmu, ga shi ni na dafa tuwo da shi. Na ce mata gobe ina da unguwa. Ranar kasuwar Kusada na bi ayarin mata, na je wurin masassaƙa na zaɓi turmin ƙirya mai kusan girman nata. Na kawo shi ta bayan gida, na shafe shi da ɗan man da ya rage mana, na goga masa baƙin tukunya, kamar mai ido zan ruɗa. Da na tuna wannan wauta yanzu dariya nake.

Na soya gyaɗa, na murje, na bakace, na niƙa a dutse har kafaɗuna suka sage. Da hantsi na shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumbu, na ajiye turmi a gabanta. Ta miƙa hannu ta shafa bakinsa, ta zagaya da yatsa a hankali har ta dawo inda ta fara. Tsagar take nema, ban tuna da ita ba sai a lokacin. Ta ƙwanƙwasa gefensa sau biyu. Sannan ta janye hannunta ta ce, "Zuba."

Na zuba, na kama taɓarya na fara juyi. Tana cewa, "Ruwan zafi, rabin ludayi. Tsaya. Juya. Ba daka na ce ba, juyi, mi kike sauri?" Na yi ta juyawa, gumi yana shiga idona. Can ta karkata kai ta ce, "Kin ji? Kukan ya sake. Kada ki ƙara ko ɗigo." Ni ban ji komai ba, amma da na duba sai ga mai yana tsattsafowa a gefe, gyaɗar ta haɗe ta saki jikin turmi. Na kwashe, na matse. Abin da ya fito ko rabin abin da ya kamata bai kai ba, sabon itace ya sha rabonsa.

Na ajiye ludayi na durƙusa. Na ce, "Inna, ba naki ba ne. Naki na hwasa shi na yi girki, shekarar markan nan. Ki yahe mani."

Ta juyo da fuskarta wajen muryata. Sannan ta ce, "Auta, ido na rasa, ba hanci ba. Turmin da na shekara arba'in a kainai, shi ƙone a tsakar gida in kasa jin ƙamshinai? Tun tukunya ba ta tafasa ba na sani."

Na ce, "To mi ya sa kike ta tambayata?"

Ta ce, "In na bar tambaya, kin san na sani, ki riƙa jin kunyar shigowa ɗakina. Wa gare ni in ba ke ba? Tuwon kuma na ci shi, yunwa nike ji kamar kowa."

Na yi kuka a wurin, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kai ni ɗakin miji. Ita ko ba ta yi ba. Ta sake jawo sabon turmin ta shafa cikinsa, ta shinshina yatsunta, ta ce masassaƙin ya iya zaɓen ice, ƙiryar ta nuna. Ta ce, "Ki yi haƙuri da shi, kada ki zage shi in ya sha maki mai. Sai ya shekara bakwai ko takwas kahin shi ƙoshi. Ba ni za ni ga ƙoshinai ba."

Damina biyu ta ƙara a duniya. A cikinsu mata goma sha wani abu suka koyi juyi a tsakar gidanmu, tana zaune tana saurare tana yi musu tsawa. Injin bai sake buɗewa ba, aka kwance ƙarafansa aka loda a mota, katangar ta zama makwancin awaki. Maigida ya koma fartanyar da ya yi wa rantsuwa.

Turmin ya ƙoshi a shekara ta takwas, kamar yadda ta faɗa. Ranar da na ga mai ya cika kwalba har wuya, na ɗauka na nufi ɗakinta da sauri in nuna mata, sai da na kai bakin ƙofa na ga buhunan dawa da muka jera a ciki.