Baba Isiyaku ya tafi, hotonsa na cikin kyamara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin makaranta Umma ta leƙo ta ce, "Baba Isiyaku mai hoto fa lokaci ya yi."

Har yanzu ban dawo daidai ba.

Shi ne tsohon nan mai ɗan shago a bayan kasuwar Bukuru. Ni ban iya shiga mutane ba, shi ya sa in an tashi makaranta nake raɓewa a bencinsa da littafina na soyayya. Bai taɓa korata ba. Sai dai ya ce, "Hajiyar littafi, an ɗaura auren ko har yanzu ana kuka?"

Fim ɗin da yake ɗaukar hoto da shi ba irin na kyamara ba ne. Irin wanda ake haskawa a silima ne, sabo, ragowar da ya adana cikin manyan gwangwanaye. Sai ya zura hannu a baƙar jaka don kada haske ya taɓa shi, ya yanko, ya naɗe. Ba ya kamawa sai da tsakar rana, kuma sai mutum ya tsaya ƙyam. Ruwan wankin hoton ma shi ke haɗawa, da ka.

Ya ce zai koya min haɗin bayan jarrabawa.

Ran Asabar ɗin da ta wuce ya miƙo min kyamararsa ya ce, "Ɗauke ni." Mutumin da ya ɗauki rabin Bukuru amma bai taɓa yarda a ɗauke shi ba. Ya gyara hula ya tsaya a rana. "Ki daina rawar hannu, ba saurayi ba ne." Dariya ta kama ni daidai lokacin da na danna. Ya ce in tafi da ita in ƙarasa fim ɗin.

Bayan an kai shi, ɗansa da ya ji labari ya zo neman hoton, don ba su da ko ɗaya sai na katin zaɓe. Yayana ya zaga wuraren hoto har cikin Jos, kowa ya ce, "Oga, mu dijital muke yi." Wani ya ce ko Legas ba za su sa irin wannan fim a injinsu ba.

Ga kyamarar a cinyata. In na buɗe, haske ya cinye shi. In na bari, a hankali zai dushe, haka ya gaya min. Ban ma san ko ya fito ba.

Allah Ya jiƙanka Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya sa shi a addu'a.