Ranar da Na Tari Soja da Bindigar Toka

Shekarun baya, lokacin tumbina bai kai girman randa ba, taubashina ya ajiye kaki ya dawo gida Daura bayan ya daɗe a bakin daga. Ɗan kawuna ne, kuma tun muna yara ba ni da sana'ar da ta wuce tsokanarsa. Sai na hau babur na tafi wani ƙauye wajen Dutsi, na ɗauko maharba uku da bindigoginsu na toka, irin waɗanda ake bugawa a biki. A lissafina, soja ai da ƙarar bindiga ake karrama shi.

Yana saukowa daga mota, mata na guɗa, na ɗaga wa maharba hannu. Jama'a, ƙarar nan har Nijar an ji ta. Kajin unguwarmu sun yi sati ba su yi ƙwai ba. Ina ƙyaƙyata dariya ina neman gwarzon namu, sai na hango shi kwance bayan turmi, ya rufe kai da hannuwa, jikinsa na ɓari. Nan take na daina dariya.

Mahaifiyata ta ja ni gefe ta ce, "Kai dai girman jiki kawai Allah ya ba ka. Mutum ya baro wuta, ka tare shi da ita a ƙofar gidan ubansa?"

Tun ranar ya shige ɗaki. Ba majalisa, ba kasuwa. Matarsa ta ce ko murfin tukunya ya faɗi sai ya zabura. Kunya ta hana ni leƙawa, har kawu ya aiko a ce mini: wanda ya ɓata, shi zai zo ya gyara.

Ashe likitan da yake gani a Katsina ya ba shi wani aiki bayan magani. Ya zauna wuri mai shiru, ya bi numfashinsa yana shiga yana fita. In tunanin daji ya taso, kada ya yi kokawa da shi, ya maido hankalinsa kan abin da ke gabansa. Sai dai ba ya iya zaman shi kaɗai.

"Kai za ka riƙa zama da ni," ya ce, bai ko dube ni ba. "Amma ba magana."

"Na minti nawa?"

"Ashirin."

"Soja, gara ka ɗora mini buhun gero in kai Baure a ƙasa."

Haka muka fara zuwa lambun kawu kullum da hantsi, gindin mangwaro kusa da rijiya. Ranar farko na daure minti uku cur, sannan na ce, "Af, ka ji abin da..." Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ko a bakin daga ban ga makamin da ya kai bakinka ba." Ba'arsa ta farko ke nan tun dawowarsa. Don murna, saura kaɗan in yanka bijimi.

A hankali abin ya zauna. Sai ya ja ruwa ya yi alwala a tsanake, yana jin sanyinsa yatsa bayan yatsa, sannan mu zauna. Na fara jin abubuwan da ban san suna duniya ba: kukan kurciya, motsin ganye, ƙugin cikina. Wasu ranakun kuwa ba daɗi. Gumi ya karyo masa, ya dafa ƙasa da tafin hannu yana cewa, "Wannan ƙasar Daura ce. Wannan rijiyar Baba ce. Wannan ƙaton banzan taubashina ne." Ni kuma in ce, "Ni ne."

Bayan watanni, wata safiya ya ce, "Raka ni Mashi in ga tumaki." Ranar kasuwa ce fa! Babura, ihu, turereniya. Muna tsakiyar kara, inda ake sayar da dabbobi, ya tsaya cak, idonsa ya sauya. Sai ya miƙa hannu ya dafa bayan wani rago, ya ja numfashi, ya sake ja, ya sake. Can ya ɗago ya dubi dillali ya ce, "Malam, wannan rago ne ko azumi yake?" Suka kaure da gardama har rana ta take. Ni kuwa na koma gefe ina share ido, ina cewa hayaƙin mai tsire ne.

Ban ce ya warke tas ba. Har yau yana ganin likitansa, kuma akwai ranakun da ba ya son hayaniya. Amma ya dawo majalisa, ya dawo cin mutuncina a bainar jama'a, alhamdu lillahi.

Ni da na yi rabin rayuwata ina zaton sai da surutuna ake jin daɗin zama da ni, ga shi alheri mafi girma da na taɓa yi wa ɗan Adam, bakina a rufe na yi shi. Da na faɗa wa matata haka, cewa ta yi, "To Alhaji, ka gwada mana a gida."