Mama Nas, Wadda Ta Yi Jinyar Tsoro

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar makaranta, Mama Nas ta riga ta iso. Haka take tun gashinta yana baƙi har furfura ta cinye shi. Za ta buɗe ɗan ɗakin maganin da ke maƙale a bayan ofishin shugaban makaranta, ta ɗaga labule, ta kakkaɓe gado ɗaya tilo da ke ciki, ta tafasa almakashi a kan risho, sannan ta ja kujera bakin ƙofa tana kallon yara suna shigowa. Daga tafiyar yaro take gane wanda bai karya ba, da wanda zazzaɓi ya kwana a jikinsa, da wanda bai yi aikin gida ba yake shirin ƙirƙiro ciwon ciki. Shi wannan na ƙarshen sai ta ce masa, "Zo nan, ɗana, allura ce maganinsa." Nan take yake warkewa.

A ƙarshen zangon nan za ta ajiye aiki. Ba za a yi mata taro ba, domin yanzu taro sai da izini. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da idanu suka gani.

Ranar da sojoji suka ƙwace mulki, 'yan ajin ƙarshe suna tsakiyar jarrabawar gwaji. Makarantar tana titi ɗaya da gidan rediyo, katanga ce kawai da 'yan shaguna a tsakaninsu. Da farko rugugin manyan motoci aka ji, sai harbi ya biyo baya. Malamin lissafi, wanda yake tsaron jarrabawar, bai ɓoye gaskiya ba daga baya. Ya ce shi dai tsayawa ya yi ƙiƙam, alli a hannu, baki a buɗe. Sai ga Mama Nas ta shigo a duƙe tana cewa, "Ku bar taga! Kowa ya kwanta!" Haka ta bi aji aji, har ta tattara ƙananan a barandar tsakiya inda babu gilashi. Wata yarinya ta saki fitsari a tsaye, Mama Nas ta cire mayafinta ta ɗaura mata. A nan suka wuni, sai bayan la'asar iyaye suka fara samun hanyar zuwa.

Amma akwai wadda ba ta bar tagar da wuri ba. Aku ake kiranta saboda surutu. Ita ce gwanar muhawara, ita ke karanta labaran makaranta da safe tana kwaikwayon muryar mahaifinta, wanda yake karanta labarai a gidan rediyon. Daga bene ta hango an fito da shi, hannuwansa a ka, takalmi ƙafa ɗaya, aka tura shi bayan mota.

Aka rufe makarantu. Sojoji suka yi sansani a cikin wannan makarantar, suka yi girki da bencina, suka shanya kaya a kan ragar ƙwallo. Aka ɗage jarrabawa, aka sake ɗagewa, har yara suka daina tambaya. Da aka buɗe bayan kusan shekara, kowane aji ya yi giɓi. Wasu iyayensu sun tsere da su. Wasu sun kama turin baro a kasuwa. Wasu suna shataletale da tuta a hannu, suna rera waƙar yabon sababbin masu mulki, an ce musu wannan ma karatu ne.

Waɗanda suka dawo kuwa, layi suka riƙa yi a ƙofar Mama Nas. Wannan ciwon kai, wannan ciwon ciki, wannan ya ce zuciyarsa tana so ta fito ta baki. Ta auna zafin jiki, babu zazzaɓi. Ta duba ido, ta danna ciki, babu komai. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya ya kasa riƙe biro saboda karkarwa. Wata rana aka buga ƙarfen tashi, sai rabin 'yan aji ɗaya suka faɗa ƙarƙashin tebur, wani yana kiran uwarsa.

Ranar Mama Nas ta shiga ofishin shugaba ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ranka ya daɗe, a daina buga ƙarfen nan. A ajiye bulala kuma."

Shugaban ya cire tabarau ya murza ido. Shi ma ya rame. Ya ce, "Mama, an ce mu gama karatun da aka rasa kafin ƙarshen zango. An kuma ja mana kunne kada a tayar da maganar abin da ya faru. Kin san abin da ya sami malamin tarihi."

Ta sani. Magana ɗaya ya yi a aji, washegari aka zo aka tafi da shi.

Ta ce, "Ni ba siyasa na zo yi ba. Yaron da bai yi barci ba, me za ka zuba masa a kai ya zauna? Ka ba ni su bayan an tashi."

Ya daɗe yana kallon ƙofa kafin ya ce, "Ban ji ba, ban gani ba." Daga ranar da baki ake kiran tashi.

Kabad ɗin maganinta ya riga ya ƙare tun da aka rufe iyakoki. Tabarma ta shimfiɗa, ta ajiye tulun ruwa, yara suka riƙa zuwa. Ba ta yi musu wa'azi ba, ba ta ce su manta ba. Tambaya take, "Me ka gani a mafarkin?" Sai ta saurara. Da yaro ya ji na kusa da shi ma yana farkawa da ihu, sai ka ga kafaɗarsa ta sauko. Ta san ana iya kai ƙararta a ce tana tara yara, kuma ba ta fasa ba.

Aku ce ba ta zuwa, sai da mahaifiyarta ta jawo ta da hannu. Uwar ta ce, "Yaya, na kai ta asibiti, sun ce lafiyarta lau. Tun ranar ko uffan ba ta ce ba. Yarinyar da nake roƙo ta yi min shiru, yau ni nake roƙon ta zage ni ma."

Mama Nas ba ta matsa mata ba. Ta ba ta bandeji ta riƙa naɗewa, su zauna kafaɗa da kafaɗa, kowacce da nata shirun. Haka makonni suka shuɗe.

Abin da yawancin yaran ba su sani ba, ɗan Mama Nas na fari soja ne, ƙaramin soja, kuma tun juyin mulkin ba ta sa shi a ido ba. Wata rana da hantsi ya biyo gaishe ta cikin kaki. Yara suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Ya tsaya bakin ɗakin magani ya rusuna ya ce, "Mama, na same ku lafiya?" Aku tana ciki. Mai shara tana goge taga, ita ta ba da labarin abin da ya biyo baya.

Bayan ya tafi, wata murya ta fito a dishe kamar ƙofar da ta yi tsatsa.

"Ɗanki ne?"

Mama Nas ta juyo a hankali. "Ɗana ne."

"Yana cikin waɗanda suka tafi da Baba?"

Mai shara ta ce ita har ta fara addu'ar Allah ya sa matar nan ta ce a'a, a wuce wurin. Amma Mama Nas ta durƙusa gaban yarinyar ta ce, "Yanzu na tambaye shi inda yake ranar, ya ce ba ya wurin. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa min, 'yata. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Aku ta watsar da bandejin, ta dunƙule hannu ta shiga dukan ƙirjin tsohuwar tana kuka tana kiran babanta. Mama Nas ba ta kare ba, ba ta ja baya ba, har hannun yarinyar ya mutu ta zube a jikinta.

Da yamma ta aika wa ɗanta cewa kada ya ƙara taka makarantar da kaki. Ya ji haushi, ya ce uwarsa tana jin kunyarsa. Har yau bai sake zuwa gida ba.

Ba a gama da daɗi ba, kada a yi wa mai karatu ƙarya. Aku tana magana yanzu, amma kaɗan kaɗan, kuma ba ta sake tsayawa gaban taro ba. Ta zauna jarrabawa, ta bar rabin takarda fari, ta faɗi, tana maimaita aji. Mahaifinta babu labari. Yaron nan mai karkarwar hannu ya bar karatu gaba ɗaya. Sai dai akwai da yawa da suke zaune a aji yau, waɗanda da ba don tabarmar nan ba da tuni sun bi titi.

Mama, ke ce kika ga ciwon da ma'auni ba ya nunawa. Ke ce kika tsaya yarinya ta dake ki saboda laifin da ba ke kika yi ba, kika kuma rasa gaisuwar ɗan cikinki don 'ya'yan wasu su iya shiga aji ba da faɗuwar gaba ba. Uwar marasa barci, mun gode. Allah ya saka miki, ya huce zuciyar ɗanki ya dawo miki da shi.

Har yanzu ba a turo wadda za ta gaje ta ba, kuma an ce za a mayar da ɗakin wurin ajiyar karyayyun kujeru. To yaran suna nan a gidajenmu da azuzuwanmu, suna cin abinci suna amsa gaisuwa, muna cewa ai sun manta. Ba su manta ba. Duk wanda yake da irinsu a kusa, uba ne ko malami ko maƙwabciya, ya ajiye abin da ke hannunsa ya zauna kusa da yaron. In ya yi tambaya mai zafi, a ba shi amsar gaskiya.