Zuwan da Yaya Ya Gaida Baba a Tsaye

Ko na tsufa na ruɗe, ba na jin zan manta da zuwan da yayana ya yi gida daga Turai, lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare. A zuwan nan ne bakina, ni da ba a cika jin muryata a gida ba, ya kusa raba shi da Baba.

Gidanmu a Aliero gidan ɗori ne. Baba ya gada wajen kakanmu, kuma tun da na yi wayo zaurenmu bai taɓa rabuwa da masu karaya ba, daga ɗan kabu-kabun da mota ta buge zuwa manomin da ya faɗo daga kan buhunan albasa. Baba zai ja, ya daidaita ƙashi, ya jera karare ya ɗaure, ya yi tofi. Yaya kuwa, babban ɗansa, tsawo ne ya fitar da shi daga sana'ar gado. Wani malamin wasanni ya gan shi a makaranta a Jega ya sa masa ƙwallon kwando a hannu, daga nan sai Kaduna, sai Legas, sai muka ji wata ƙungiya a Turai ta ɗauke shi. Baba bai taɓa gane yadda jefa ƙwallo a ragar da ba ta da gindi ya zama aikin magidanci ba, amma ya sa albarka. Shekara uku a waya kawai muke ganinsa, yana tsalle yana lilo a bakin kwando kamar ba shi da nauyi.

Ranar da mota ta kawo shi daga tashar Jega, unguwa ta cika ƙofar gida. Kowa ya ɗaga kai yana kallon fuskarsa. Ni mai kunya ƙasa nake kallo, don haka abin da na fara gani shi ne wani buhun wando da ya sa, da yadda yake ɗaga ƙafa ɗai-ɗai kamar mai tafiya a kan ƙwai. Matan unguwa suka ce tafiyar ƙasaita ce ta wanda ya ci ya ƙoshi.

A wajenmu ba a gaida uba a tsaye. Ko kana da furfura, sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Yaya ya shiga zaure, Baba na zaune a kan buzunsa, sai ya tsaya ƙiƙam, ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu biyu daga can sama. Har majinyatan da ke kwance suka juyo. Baba ya dubi hannun, ya dubi bango, ya ce, "Lahiya lau," bai ƙara ba.

Daga nan abubuwa suka yi ta taruwa. Aka shimfiɗa masa tabarma ya ce a ba shi kujera. Maza suka kewaye kwano ɗaya na tuwo, shi ya ɗora nasa a cinya. Masallaci na jikin katangarmu, amma ana kiran salla sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Safe da yamma yana haɗiyar wasu ƙwayoyi, yana kuma magana a waya ƙasa-ƙasa da wani yare da ba Turancin makarantarmu ba. Gwaggo, ƙanwar Baba, da ta zo daga Maiyama don yi masa barka da zuwa, ta taɓe baki ta ce wa Inna, "Wanga ba yaron da munka aika ba ne. An musanya muna shi." Baffanmu da ke fawa a Jega ya ƙara da cewa a kasuwa ana faɗin 'yan wasan can sai sun sha ƙwaya suke iya irin tsallen nan. Inna dai sai ta yi ta goge kwanon da ya riga ya bushe.

Ni ke share ɗakinsa, kuma ni na kai masa darduma tun ranar farko. Na lura tana nan a linke yadda na ajiye ta. Don in tabbatar, na karyi tsinken tsintsiya na ɗora a kan linkin. Kwana huɗu ina leƙawa, tsinken nan bai motsa ba. Yau ina jin kunyar faɗa, amma a lokacin har wani daɗi na ji, ganin na gano abin da manya suka kasa ganowa. Muna yankan albasa da Inna na matsa na raɗa mata, "Inna, Yaya ba ya salla." Ban san Gwaggo na bayanmu tana tsince shinkafa ba. Kafin magariba magana ta kai zaure, Baba ya aika wa Baffa ya zo gobe bayan la'asar, a yi ta a gaban kowa.

Washegari da azahar aka ba ni fura in kai masa. Na yi sallama a hankali kamar yadda na saba, ba a amsa ba, ƙofa kuma ba ta rufu sosai ba, sai na tura. Yana zaune a kan kujerar roba yana fuskantar gabas, ƙafarsa ta dama a miƙe a kan jaka, wandon a naɗe har cinya. Ya sunkuya kaɗan, ya ɗago, ya sake sunkuyawa ƙasa da na farko. Salla yake yi. A gwiwarsa akwai tabon ɗinki ja, da wani abin ɗauri mai ƙarfe gefe da gefe. Na tsaya da kwanon fura a hannuna har ya sallame.

"Rufe ƙofar, auta," ya ce. Ya gaya mini a wani wasa ya yi tsalle ya dira ba daidai ba, jijiyar gwiwa ta tsinke, likitan ƙungiyarsu ya yi masa aiki. Ƙwayoyin da yake haɗiya magani ne, da likitan kuma yake magana a waya. An gargaɗe shi kada ya lanƙwasa ta sosai sai ta kama, in ba haka ba ɗinkin ya saki, wasa ya ƙare masa ke nan har abada. Sandar da yake dogarawa ma a gidan abokinsa ya baro ta a Abuja.

"To me ya hana ka faɗa wa Baba?" na tambaya.

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ɗan mai ɗori, a ce Turawa sunka yanka mai ƙafa da wuƙa? Kin san Baba. Cewa zai yi a kawo karare, ya ja ta da hannunai. In na ƙi, na raina gadon gida a gaban majinyatansa. In na yarda, na rasa ƙafa. Kwana goma kawai zan yi a gida, ki rufa mini asiri."

Na ce to. Na kasa gaya masa cewa ni ce na riga na tona masa wani asirin da ba nasa ba.

Bayan la'asar aka taru a tsakar gida. Baba da Baffa a kan tabarma, Gwaggo da Inna daga gefe, ni ina rakuɓe a jikin turmi. Yaya ya zo ya tsaya.

"An ce ka bar salla," in ji Baba. "Wannan tsakaninka da Mahaliccinka ne, za mu zo kanta. Amma ni na haihe ka. Durƙusa ka gaida iyayenka kamar yadda anka koya maka. In kuwa gwiwarka ta fi ƙarfin ƙasar gidan ga, ga hanya nan, albarkar da na sa maka na janye abata."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Yaya ya dubi Baba. Sai na ga ya tuɓe takalmi, ya dafa bango, ya cije leɓe, ya fara yin ƙasa. Zufa ta keto masa a goshi. Ya zaɓi ya ba da ƙafar.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Yaya, kada ka yi! Baba, ciwo gare shi! An yi masa aiki a gwiwa, a kujera yake salla, na gani da idona. Ni na yi masa ƙarya!" Muryar da ta fita ko ni ban san ina da ita ba.

Baba ya ce a kawo kujera. Yaya ya zauna, Baba ya matso da kansa ya naɗe wandon. Ina jiran in ji ya ce a ɗauko karare. Ya bi tabon da babban yatsansa, ya latsa nan, ya latsa can, ya sa tafin hannu a ƙarƙashin gwiwar ya rufe ido kamar mai sauraron wani abu.

"Ƙashi lahiya lau yake," ya ce daga bisani. "Jijiya ce. Wanda ya yi aikin ga ya san hannunai." Sannan ya ɗago ya dubi Yaya. "Tun ba a haihe ka ba nake ɗori. Mutum nawa na mayar asibiti daga zauren can don na ga ba aikina ba ne? Na ƙi lalata ƙafar baƙo, sai taka zan lalata? Haka ka ɗauke ni?"

Hawaye suka zubo wa Yaya. Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ni dama tun da na ga tahiyarsa na ce yaron ga ba shi da lahiya." Baffa ya ce, "Ke? Ba ke kin ce an musanya shi ba?" Har Inna sai da ta yi dariya cikin kuka.

Da magariba Baba da kansa ya ɗauki kujerar roba ya kai masallaci, ya ajiye wa Yaya a ƙarshen sahu. Yaya ya koma Turai, ƙafa ta warke, ya ƙara shekaru yana wasa kafin ya zama mai horar da yara a can. Har yau in ya kira waya, "'yar sandan ciki" yake ce mini.

Abin da na koya shi ne, dukanmu a gidan nan mun yanke wa juna hukunci ba tare da an tambayi kowa ba. Mu mun zargi Yaya, shi ya zargi Baba, ni kuma na ɗauka tunda idona ya ga abu, to na san shi. Ina nan da halina na lura da ƙananan abubuwa, ban daina ba. Sai dai yanzu in na ga abin da ya ɗaure mini kai game da mutum, shi nake fara zuwa in tambaya, ko da muryata na rawa, kafin kunnen wani ya ji.