Uwar takin Malam Modu

Da safen nan labari ya same ni, Malam Modu ya rasu. Ya idar da sallar asuba ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a samo keken haya a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Yanzu na dawo daga gidansa. Ko kaya ban cire ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tare muka karanta kimiyyar ƙasar noma a jami'a, a zamanin da muke zaton ƙasar nan tana buƙatar irinmu. Ni na shiga ma'aikata har na kai darakta, na ƙare ƙuruciyata ina rubuta rahotannin da gara kaɗai ta amfana da su. Shi ya tafi koyarwa a sakandare. Kusan tare muka yi ritaya. Ni na fito da ɗacin rai, shi ya fito da duro.

Duro ne na roba, shuɗi, a kusurwar tsakar gidansa a unguwar Mairi. Duk abin da ya rage a kicin nan yake zuwa: ɓawon kankana, ƙanzon shinkafa, ganyen shayi, wani lokaci har da garin busasshen kifin da yake roƙowa wajen masu shara a kasuwar Baga Road. Bayan 'yan makonni sai ya zama baƙin taki mai ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko.

Amma ba takin ne abin alfaharinsa ba. Ƙananan halittun da ke cikinsa ne, waɗanda ido ba ya gani, masu cinye ragowar su mai da ita taki. Duk lokacin da ya kwashe duro sai ya bar kaso a ƙasa don ya tayar da na gaba. Wannan kason yake kira uwa.

Asalin uwar daga gonar mahaifinsa ce a wajen Konduga. Zuwansa na ƙarshe kafin hanya ta gagara, ya ɗebo ƙasar gindin wata tsamiya a leda. Daga baya aka ce masa an sare tsamiyar, gonar ma wasu ke nomawa. Bai taɓa kai ƙara ko'ina ba. Ya ce abin da ya fi muhimmanci a gonar yana tsakar gidansa.

Yakan cakuɗa uwar da dusa ya shanya a inuwa, ba a rana ba, ya zuba a gwangwani ya rufe. Da ambaliyar ruwa ta shiga gari ta tafi da duron farko, da wannan gwangwanin da ya ajiye a saman kabad ya sake tayar da ita.

Lokacin da matata take jinyar da ba ta tashi ba, kullum da yamma yana zuwa. Bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba, ya san na ƙoshi da jin kalmar. Zama kawai yake yi. In zai tafi sai ya ajiye ledar tumatir da alayyafo a bakin ƙofa ya ce, "Sun yi mana yawa, lalacewa za su yi." Na san ba su yi yawa ba.

Makon jiya na je wajensa, na tarar yana juya duron da sanda. Na ce, "Modu, mutane suna neman abin da za su kai baki, kai kana ciyar da abin da ba a gani."

Ya ce, "Darakta, kai ma shekara da shekaru gwamnati na ciyar da kai, wa ya taɓa ganin aikinka?"

Na yi dariya, abin da na daɗe ban yi ba.

Na tambaye shi gwangwanin. Ya ce babu komai a ciki, ya rabar wa masu neman iri, su kuma sun bari ya lalace. "In zafin nan ya ɗan sauka zan shanya wani," in ji shi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yau da muka dawo daga maƙabarta na leƙa kusurwar, sai na ga tabarmi. Na tambayi ƙaninsa Kyari ina duron.

Ya ce, "Yaya Darakta, manya za su zo gaisuwa, a zauna kusa da shara? Mun juye a waje. Duron ma an wanke shi da sabulu, ga shi can an cika ruwan alwala."

Na fita. Ga uwar can a gefen kwata, tsakar rana, akuya biyu a kanta. Saman duk ya bushe ya yi fari.

Na durƙusa da babbar rigata na tona da hannu har na kai inda akwai sauran laima, na ɗiba a leda. Ina jin wani a bayana yana cewa, "Allah sarki, mutuwar ta taɓa tsohon." Ban ɗago ba.

Ba na ganin laifin Kyari. Abin da kowa zai yi ya yi. Mu a garin nan mun iya share wuri, shi ne abin da muka fi ƙwarewa a kai. Ba ma tsayawa mu tambayi mene ne wannan, wa ya ajiye shi, me ya sa.

Kafin in tafi na tsaya bakin ƙofa na yi wa matarsa Ya Falmata ta'aziyya. Daga bayan labule ta ce, "Ka samu wani abu a ciki?" Na ce na ɗan samu. Ta ce, "Jiya da yamma sai da ya zuba wa halittun nan nasa abinci kafin ya ci nasa."

Maƙwabta kuwa sai shigo da kwanuka suke, shinkafa, burabusko, tuwo. Gidan bai taɓa ganin ragowar abinci irin ta yau ba, duk ana kwasa ana zubarwa a bola.

Yanzu uwar tana cikin bokiti a ɗakina, na rufe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ban sani ba ko tana da rai. In an ciyar da ita a kwanakin nan ta ɗauki ɗumi, ta rayu. In ba a ciyar ba, ƙasa ce kawai.

Ga abin da yake da nauyin faɗa a bainar jama'a. Ni kaɗai nake zaune, sau ɗaya nake ɗora tukunya a rana, kuma kwanona ba ya rage komai. Duk karatun da na yi a kan abin da ke cikin bokitin nan, ba ni da abin da zan ba shi.

Saboda haka in akwai mai gida da iyali, wanda ake rage ko da ɓawon dankali a kicin ɗinsa, kuma yana da inuwa, ya yi mini magana ta inbox. Zan kawo da ƙafata, in nuna yadda ake yi. Kada a karɓa don kunyata. Wanda ya san zai manta da ita, ya bar ta ta mutu a hannuna.

Allah Ya gafarta wa Modu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba Ya Falmata da 'ya'yansa juriyar wannan rashi. Kai da ka karanta har nan, kada ka danna hoton kuka ka wuce. Ajiye wayar ka ɗaga hannu ka roƙa masa rahama da sunansa.