Ma'aunin Hannun Baba Hammadu

Jama'a, wannan abu a kaina ya faru, ba wani ne ya ba ni labari ba, kuma wallahi ko rantse da Alƙur'ani aka ce in yi zan rantse. Yau shekara tara ke nan ko goma, lokacin ina da rumfar ƙira a unguwar Sarkin Dawaki a nan Jalingo, ina ƙera fartanya da lauje da wuƙaƙen mahauta, sana'ar da na gada wurin mahaifina, shi kuma ya taho da ita daga Zariya.

Akwai yadda muke yi wa maharbi wuƙa a gidanmu. Ba ma sassaƙa ƙota da ka. Sai a kwaɓa yumɓu, a mulmula shi kamar ƙullin tuwo, a ba mai wuƙar ya damƙe da hannun da yake fiɗa da shi, in ya bushe sai a bi sawun yatsun a sassaƙa itace daidai da su. Mahaifina ya sha gaya mini kada in kuskura in sa hannuna cikin ma'aunin wani. Ni duk zatona don kada in ɓata sawun ne, ban taɓa tambayarsa dalili ba har ya koma ga Allah.

Wata Talata da hantsi, cikin damina, ina tsugune ina gyara zugazugi sai wani dattijo ya yi sallama. Dogo ne siriri, da hular saƙa da ta sha jiki. Ya ce sunansa Hammadu, maharbi ne daga Iware, kuma ƙaramar wuƙar fiɗa yake so. Na ɗauko kwali da gawayi na zana masa irin wadda na saba yi, ya duba ya girgiza kai.

"Maƙeri, wannan ya yi dogo," in ji shi. "Kaɗan nake so. Bakin shi kar ya yi tsini, yana huda tumbi. Ka ba shi ciki a nan, ka bar mini wurin babban yatsa a baya."

Ni mutum ne da ba na son a koya mini aikina, kowa ya san ni da wannan hali, amma dattijon nan duk inda ya nuna sai in ga gaskiyarsa. Sau huɗu muna sake zanen, har muka tsaya a kan wadda ruwanta bai fi tsawon yatsan tsakiya da kaɗan ba, mai lanƙwasa kamar ganyen mangwaro. Na kwaɓa yumɓu na miƙa masa, ya karɓa da hannun dama, da idona na gani, ya damƙe har sai da ya fito ta tsakanin yatsunsa. Ya ce zai dawo bayan kwana bakwai.

Na yanko ƙarfe daga tsohon sifirin ɗin mota, na buge shi, na tsoma a baƙin mai ya yi tauri, na samo itacen ƙirya don ƙota. Ina cikin sassaƙa sai wurin ƙaramin yatsa ya ƙi zama, na juya yumɓun nan na juya ban gane yadda mutumin yake riƙo ba. Sai na ce bari dai in ji da hannuna, ai ya bushe, babu abin da zai ɓaci. Na zura yatsuna cikin sawun. Ɗumi na ji, irin na tafin hannun mutum in kun gaisa, alhali abin a inuwa ya wuni. Na ajiye na ci gaba da aikina, na ƙarasa wuƙar ta yi kyau ƙwarai.

Washegari na tashi hannuna na dama a dunƙule. Ba ciwo, ba kumburi, amma yatsun sun ƙi buɗewa, kamar wani ya riƙe su ta waje. Maiɗakina ta gasa da ruwan zafi, ta shafa man kaɗanya, a banza. Na je asibiti aka ɗauki hoto aka ce ƙashi lafiya lau, aka ba ni ƙwayoyi. Ku da kuke karatun nan ku tuna, da hannun nan nake riƙe masaba, gudumar ƙira, da shi nake ciyar da mutum takwas. Ga damina, manoma na zuwa da fartanyoyi ina mayar da su. Gaskiya na tsorata, har na fara tunanin abin da zan koma yi in hannun ya tafi ke nan.

Kwana bakwai suka cika dattijo bai zo ba, aka yi sha huɗu shiru. Zuciyata ta ba ni in kai masa kayansa, sai na sa wuƙar a kube na shiga motar Iware. Ban sha wahalar tambaya ba, wata mai sayar da doya ta nuna mini gidan. 'Yarsa ce ta shigar da ni, na same shi zaune a tabarma a gindin mangwaro, ya rufa da mayafi. Shi ne, babu ko tantama, har hular.

Na gaishe shi na ce, "Baba, na ji shiru, ga aikinka na kawo." Ya yi mini kallon baƙo. 'Yar ta ce ai Baba ya fi shekara uku bai taka Jalingo ba, gwiwa ta hana shi, ko masallaci sai an riƙe shi. Na fara musu, na ce ni da shi muka zana, shi ya damƙe mini yumɓu da hannunsa na dama. Sai ya janye mayafin a hankali. Hannunsa na dama ya tsaya ne a wuyan hannu, dungu ne, ya daɗe da warkewa har fatar ta yi sumul. Ya ce bindiga ce ta fashe masa tun 'yar nan ba ta fara tafiya ba.

Sai na zare wuƙar na ajiye a gabansa. Ya ɗauka da hagu ya daɗe yana dubawa, ya shafa wurin babban yatsa, ya ce irin wadda ya yi ta zanawa a ransa ke nan shekara da shekaru. Sannan ya ce, cikin natsuwa kamar mai ba da labarin gona, tun ranar da aka yanke hannun bai daina jin sa ba, kullum a buɗe yana neman abin riƙewa. Talata biyu da suka wuce ya ji abu mai sanyi da danshi a cikinsa. Bayan kwana uku kuma ya ji hannun mutum, mai kanta, sai ya riƙe.

"Ashe kai ne," ya ce. "Ka yi haƙuri, ɗana. Ban san na wani ba ne."

Ya ɗora ƙotar a kan dungun ya rufe ido. Wallahi tallahi a nan take na ji an sake ni, yatsa ɗaya bayan ɗaya, aka fara daga ƙaramin. Na buɗe hannuna na rufe, na sake buɗewa, hawaye na zuba ban ma sani ba. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Useko, maƙeri," wato ya gode.

Da zan tafi na ce masa don Allah ya adana wuƙar nan da kyau, kada ta ɓata. Ya yi murmushi, ya dubi hannuna, ba fuskata ba.

"In ya ɓata ma ba komai," ya ce. "Hannun ya riga ya san hanyar rumfarka."

A satin nan na bar Sarkin Dawaki na koma bayan kasuwa, ko da yake na san ba dabara ba ce. Har yau ban san wanda ya zo mini ba, malaman da na tambaya kowa da abin da ya ce. Ni dai shawarata gare ku, musamman masu sana'ar hannu, in babba ya hana ku wani abu a wurin aiki, ku tambaye shi dalili tun yana da rai. In kuma kun makara kamar ni, to ku bari kawai.